Takalman da Aka Bari a Dandali

Buhu na uku ke nan da Inna mai shara ta zazzage a gaban rumfar Shumeka, takalma suka gangaro har bakin kwalta. Kambas, silifas, sau-ciki, sandal na mata, kusan duk wari ɗaya-ɗaya. Wasu sun jiƙe sharkaf da ruwan motar 'yan sanda. Wasu kuma ba ruwa ne ya jiƙa su ba.

"Kwashe su da sauri, don Allah," in ji ta, tana waige-waige. "An ce mana kafin ƙarfe tara kada a ga ko tsinke a dandalin nan, manya za su zo da 'yan jarida. Wai a zuba su a motar shara. Na ce wallahi ba da hannuna ba. Kai ne mai takalmi, kai ka san yadda za ka yi da su."

Shumeka ya durƙusa ya shiga tona tulin da hannu biyu, yana ɗagawa yana yarwa. Ba kasuwa ce ta fito da shi yau ba. Tun jiya da hantsi 'yarsa ta bar gida, har yanzu ba ta dawo ba, wayarta kuma a kashe.

Lauya ake ce mata, tun tana shekara biyar, saboda ba a taɓa aiken ta ta tafi ba tare da ta tambayi dalili ba. Sunan ya bi ta har kwalejin da ke tsallaken titi, inda yanzu take karatun lauyan na gaskiya. Jiya ita da dubban mutane suka cika dandalin, suna cewa ba su yarda da sabuwar dokar da ta ba 'yan sanda damar tsare mutum kwana casa'in ba tare da an kai shi kotu ba. Shumeka yana rumfarsa, a ƙarƙashin matakalar gadar masu ƙafa, lokacin da aka fara harba barkonon tsohuwa. Da kunnensa ya ji abin da ya biyo baya, kuma shekarunsa sun isa ya bambance ƙarar gwangwanin hayaƙi da ƙarar harsashi.

A teburin mai jarida, maƙwabcinsa, rediyo na ta zuba. Kakakin gwamnati ne yake bayani da wata murya mai sanyi kamar ta mai tallan sabulu: an watse cikin lumana, ba a yi harbi ba, ba a kama kowa ba, duk wanda ya ce ɗansa ya ɓata to ya bincika gidajen abokai.

"Lumanar uwaka!" Shumeka ya daka wa rediyon tsawa. "Mutane ɗari biyu sun koma gida ba takalmi don daɗin lumana ko?"

Mai jarida ya yi maza ya rage murya, yana kallon hagu da dama.

A can ƙasan tulin ya gan shi. Baƙin kambas ne na ƙafar hagu, an ɗinke gefensa da koren zare. Shi ya yi ɗinkin da hannunsa watan jiya, ranar da baƙin zarensa ya ƙare, ta tsaya a kansa tana mita wai ya mayar mata da takalmi tutar wata ƙasa. Ya zura yatsa ya ɗaga shimfiɗar ciki. Ga shi nan da jan alƙalamin maka, rubutunsa mai karkata: Lauya, sai lambar wayarta.

Al'adarsa ce wannan, shekara goma sha tara. Tun ranar da ya ba wani takalmin wani, mai takalmin ya tafi ganawar neman aiki da silifas ya rasa aikin, ya dawo ya zage shi tas a gaban jama'a, Shumeka ya rantse ba za a sake ba. Duk takalmin da ya shigo rumfarsa, kafin basilla ta taɓa shi, sai ya ɗaga shimfiɗar ciki ya rubuta sunan mai shi da lambarsa a jikin fata, ya mayar ya rufe. Ba ya ware kowa. Na 'yar cikinsa ma da ya san lambarta kamar sunansa, sai da ya rubuta.

Ya cusa kambas ɗin a aljihun riga, ya ce wa mai jarida ya duba masa rumfa.

A ofishin 'yan sanda ya tarar da layi har waje, yawanci iyaye mata. Da ya isa kanta, kofur ɗin da ke zaune bai ko ɗago kai ba.

"Suna?"

Ya faɗa, cikakke, na takardar makaranta.

Kofur ya buɗe wani babban littafi, ya ja yatsa a kan shafin da Shumeka ke gani da idonsa babu ko ɗigon tawada a kai. "Babu."

"Ranka ya daɗe, shafin ai fari ne."

"To ka gani da kanka. Ba a kama kowa ba, me za a rubuta?"

Shumeka ya zaro kambas ɗin ya ɗora a kan kanta. "Wannan nata ne. A dandali aka tsince shi."

Sai a lokacin kofur ya ɗago. Ya kalli takalmin, ya kalli mai shi, ya yi wata 'yar dariya. "Baba, nan ofishin 'yan sanda ne, ba wurin gwanjo ba. 'Yan matan yanzu, ka duba gidan saurayinta tukuna. Na gaba!"

Da ba don wata mata a bayansa ta riƙe masa gwiwar hannu ba, da Allah kaɗai ya san abin da zai faru a wurin. Ya ɗauke kambas ɗin ya fita.

A babban asibiti ma bai samu komai ba. Wata nas ta ja shi gefen matakala ta gaya masa ƙasa-ƙasa cewa an kawo mutane da yawa jiya, amma kafin a gama ɗaure musu raunuka motoci suka zo aka kwashe su, aka kuma yage shafin rajista. Ta raka shi ɗakin ajiye gawa. Ya duba fuska huɗu, duk samari, duk ba takalmi. Ya gode wa Allah babu ita, nan take kuma ya ji kunyar godiyar, don kowannensu ɗan wani ne.

Rana ta take tsaka lokacin da ya dawo rumfa. An wanke dandalin fes, har an jera tukwanen furanni a inda jiya mutane suka faɗi. Wannan ne ya ƙarasa shi. Ƙarya ai ya saba ji, amma a yi ta a gaban idonsa, a kuma yi mata ado da furanni!

Ya ja tulin takalman cikin inuwa, ya zauna a kan akwatinsa ya fara ɗaga shimfiɗu ɗaya bayan ɗaya. Rabin ɗaliban kwalejin nan a hannunsa takalmansu suke tsufa. Kafin ya gama ya ware arba'in da uku masu jan rubutunsa, ya jera su a kan tabarma.

"Me kuma za ka yi?" mai jarida ya tambaya.

"Sun ce babu wanda ya ɓata. To zan kira masu takalman in ji."

Ya fara kira. Na farko wani yaro ne mai karatun injiniya, ya ɗauka da kansa, yana gida, ƙafarsa ce kawai kwalba ta yanka. Na biyu uwa ce ta ɗauka, ta ce 'yarta na kwance tana barci, wa ke magana? Na uku a kashe. Na huɗu wani tela ne da ya ce shi wallahi wucewa kawai ya zo yi, a ajiye masa takalmin zai aiko. Na biyar a kashe. Haka ya yi ta yi har katinsa ya kusa ƙarewa. Wanda aka ɗauka ya ajiye a dama, wanda aka ce a kashe take ya ajiye a hagu. A ƙarshe ashirin da shida suna dama, goma sha bakwai suna hagu. Ya kalli na hagun. Wayar Lauya ma a kashe take. Duk inda take, ya ce a ransa, nan waɗannan suke.

"Sannu da aiki, Shumeka."

Bai buƙaci ɗaga kai ba, takalman da suka tsaya a gabansa sun ishe shi. Baƙin sau-ciki, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Sau shida yana canza wa dunduniyar nan roba. Sajan ne, na 'yan sandan farin kaya, wanda ke zuwa duk ranar Litinin a goge masa takalmi yana ba da labarin ciwon bayansa.

Sajan ya tsuguna kamar mai taya ciniki. Ya ɗauki wani sandal ya ɗaga shimfiɗar, ya karanta, ya mayar. Ya ɗauki wani. Sannan ya yi murmushi.

"Kai, Shumeka! Ashe kai ma'aikaci ne ba mu sani ba. Mu muna can muna fama da hotunan da hayaƙi ya rufe, kai kana nan da rajista a ƙarƙashin gada."

"Takalman mutane ne. Zan mayar wa masu su."

"Za ka mayar, mana." Ya miƙe yana dafa ƙugu. "Na ji an ce ka je ofis da safe. Yarinyar nan taka mai baki, ko? Mai tabo a gira."

Shumeka ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. "Tana ina?"

"Tana nan lafiya. To, lafiya dai irin ta wurin. Ni ma uba ne, ba na son ganin 'ya mace a can. Amma ka san sabuwar doka, kwana casa'in. Kuma gobe da safe za a kwashe su zuwa wani wuri da ni kaina ban da ikon shiga."

"Rediyo ta ce ba ku kama kowa ba."

"To ka ga ke nan sakin ta ba zai yi wuya ba, tunda ba a kama ta ba." Ya nuna tabarmar da baki. "Ƙarfe huɗu zan zo da mota. Ka zuba min masu rubutun nan a buhu. Suna da lamba kawai muke so, sauran aikinmu ne. Kafin biyar 'yarka na gabanka."

"Sajan, shekara nawa ina goge maka takalmi? Yaran nan a gabanka suke wucewa kullum suna gaishe ka."

"Shi ya sa na zo da kaina ban turo yara su kwashe da ƙarfi su haɗa da kai ba. Mutunci na yi maka. Kuma ba na son a ce an ga 'yan sanda suna wawure takalma a titi, yau ga 'yan jarida a gari." Ya sa ƙafa ya gyara wani silifas da ya fita daga layi. "Ƙarfe huɗu."

Yana juya baya Shumeka ya tofar da yawu a inda ya tsaya. Mai jarida kuwa tuni ya tattara jaridunsa ya ce ana kiran sa a gida.

Ba a jima ba Maman Lauya ta iso da kwanon abincinsa ɗaure a ɗankwali, idanunta sun kumbura sun yi jajir. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali.

"To me kake jira? Ina buhun?"

"Maman Lauya, mutum arba'in da uku ne."

"Ni mutum ɗaya na haifa."

"Amana suka ba ni. Takalmi suka kawo gyara, ba kansu suka kawo ba. Yanzun nan na yi magana da wata uwa, ta ce 'yarta na barci. In miƙa ta?"

"Ita tata tana barci a gida!" Muryarta ta tashi har masu hawa gada suka leƙo. "Tawa fa? Ka san abin da suke yi wa 'yan mata a can? Ka sani ko ba ka sani ba? Kai ka ɗaure mata gindi tun tana ƙarama, komai ta faɗa ka ce Lauya ta yi gaskiya, Lauya ta yi gaskiya. Ga gaskiyar nan ta kai ta. Wallahi Baban Lauya, in yarinyar nan ta sake kwana a hannunsu saboda tsummokaran takalman wasu, ni da kai har abada."

Ba ta jira amsa ba. Ta zauna a kan bencin masu jira, ta juya masa baya, kafaɗunta na girgiza.

Shumeka ya tsaya a kan tabarmar kamar an dasa shi. Haushi yake ji, na Sajan, na mai muryar rediyo, na matarsa da ta faɗi abin da shi ma zuciyarsa ke faɗa, da na hannunsa da bai iya barin takalmi ba rubutu ba. Ya kalli dama, ya kalli hagu. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya ji numfashinsa ya dawo.

Na daman nan suna gidajensu, su ne ke da abin asara. Na hagun kuwa ai an riga an kama su, ko kuma sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ke tsare a hannunsu, me sunansa a cikin takalmi zai ƙara masa? A ba Sajan abin da ke hannunsa tun jiya, ya je ya dafa ya ci.

Ya jawo samfefa ya yage ta gida huɗu. Ya ɗauki takalmin yaron injiniya ya ɗaga shimfiɗa ya shiga gurzawa. Jar maka ta shiga fata sosai, sai da ya haɗa da reza a wasu. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yatsunsa suka yi ja, garin fata ya cika masa cinya. Duk wanda ya kankare sai ya shafa masa baƙin man goge takalmi da ɗan yatsa, ya cilla shi cikin babban tulin marasa suna. Yana yi yana ƙunƙuni. "Ga naka, Sajan. Ga na ubanka. Rajista ko? Zo ka karanta."

Maman Lauya ta juyo tana kallon sa. "Me kake yi haka?"

"Ina ceton 'yarki da 'ya'yan mutane gaba ɗaya. Ki bar ni."

Huɗu saura kwata ya gama na ashirin da shida. Ya zuba goma sha bakwai ɗin a buhu ya ɗaure baki. Na Lauya yana aljihunsa.

Ƙarfe huɗu daidai wata farar mota mara lamba ta tsaya. Sajan ya fito, ya kwance buhun ya leƙa.

"Ba su kai na ɗazu ba."

"Sauran kuwa, ruwan motarku ya wanke rubutun. Ka duba tulin in kana so."

Sajan ya yi masa wani dogon kallo. Ya zaro wani farin kambas ya ɗaga shimfiɗa. Ya karanta, girarsa ta ɗaga. Ya zaro na biyu, na uku, yana karantawa leɓɓansa na motsi. A na biyar sai ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya sa hannu a tsohon wando ya ci karo da abin da ya daɗe yana nema.

"Waɗannan ma sun isa," ya ce. "Sun isa ƙwarai. Allah ya yi maka albarka, Shumeka."

Ya jefa buhun a bayan mota da kansa. Shumeka ya bi motar da kallo, yana jin wani abu na sukar sa game da dariyar nan, amma ya kore shi. Ya yi wa gwamnati wayo da samfefar da ba ta kai komai ba, wannan ya ishe shi.

Biyar da 'yan mintuna motar ta dawo, ba ta ko tsaya sosai ba. Aka buɗe ƙofar baya, Lauya ta fito tana dafa murfin, motar ta wuce.

Ba takalmi a ƙafarta. Idonta na dama ya kumbura ya rufe, leɓenta ya fashe, hannun rigarta ya yage har kafaɗa. Tana taka ƙasa a hankali, da gefen ƙafa, kamar mai tafiya a kan garwashi. Maman Lauya ta kwasa da gudu ta rungume ta tana kuka tana salati, tana shafa kanta, fuskarta, bayanta. Shumeka ya jawo bencin kusa da su.

Suka zaunar da ita. Ta sha ruwa kofi biyu. Da ya ga tafin ƙafarta, yadda ya kumbura ya yi shuɗi da shatar bulala, sai ya juya ya kalli bango.

"Baba," ta ce, muryarta a dishe. "Mu sittin da wani abu ne a ɗakin. Me ya sa ni kaɗai aka saki?"

"Ki huta tukuna," in ji uwar.

"Baba, me ka ba su?"

Ya zauna a kan akwatinsa. Ya so ya yi shiru, amma dabarar tana cin sa, yana so ta san ubanta ba sakarai ba ne. Ya ba ta labarin buhunan Inna, da kiran da ya yi, da zuwan Sajan. Ya nuna mata yatsunsa da samfefa ta cinye.

"Ashirin da shida na kankare, Lauya. Duk wanda ya ɗauki waya, ko aka ɗauka aka ce yana gida, babu shi babu su. Na ba shi waɗanda wayarsu ke kashe kawai, irin taki. Waɗanda dama suna hannunsu. Ya tafi yana murna, bai san iska ya ɗauka ba."

Lauya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin a kan benci.

"Waɗanda wayarsu ke kashe," ta maimaita.

"Su goma sha bakwai."

"Faɗa min sunayen."

Shumeka ba ya manta takalmi. Ya fara jerowa, kowanne da irin nasa: mai farin kambas da ake kira Shugaba, doguwar yarinyar nan mai sandal ruwan ƙasa, ɗan gajeren nan mai gilashi da ke cinye tafin takalmi duk wata biyu. Kowane suna ya faɗa sai ta runtse idon da ya rage mata. A na tara ta ɗaga hannu.

"Ya isa."

"Mene ne?"

"Babu ko ɗayansu a ɗakin da aka tsare mu, Baba. Ko ɗaya." Ta ja numfashi. "Mu 'yan kwamitin da suka shirya fitar nan, alkawari muka yi. Da an ji harbi, kowa ya kashe waya ya cire layi, ya ɓuya, kada ya kunna sai bayan sati. Ni ma na kashe tawa na jefa a kwata kafin su cim min. Waɗanda suka ɗauki wayarka 'yan rakiya ne, babu mai neman su. Waɗanda ba su ɗauka ba su ne suka tsira. Su ake nema."

Shumeka ya kalli yatsunsa da samfefa ta cinye.

"Tun jiya suke dukana a kan sunayen nan." Yanzu muryar ta buɗe, tana fita da ƙarfi, har tana tsagewa. "Kalli ƙafata! Kalle ta, Baba! Su uku suna karɓa-karɓa, suna cewa in faɗi mutum ɗaya kawai in tafi gida. Ban ba su ko harafi ba. Ina ta ce wa kaina, in na daure zuwa safe sun yi nisa. Ashe kai kana nan kana tace musu, kana ware musu tsakuwa daga shinkafa!"

"Ke Lauya, ubanki ne fa," in ji uwar. "Don ke ya yi."

"Na sani, Mama. Shi ne abin da ya fi ƙona min rai."

"Ban sani ba," Shumeka ya ce. Muryar ba tasa ba ce. "Wallahi ban sani ba. Bari in kira su, lambobin suna kaina, in ce su gudu..."

Ya zaro wayar, ya tsaya yana kallon ta. A kashe suke. Shi da kansa ya tabbatar, ɗaya bayan ɗaya.

Lauya ta dafa bango ta miƙe. Zafin ya sa ta cije leɓe har ya sake fashewa.

"Ina za ki?" uwar ta riƙo rigarta. "Ina za ki da wannan ƙafar?"

"Layukan nan da adireshin iyayensu aka yi musu rajista. Daga can za a fara, a matsa wa iyaye har su faɗa. Na san maɓoyar mutum biyar. In na isa kafin su, biyar ɗin za su gaya wa saura."

"Za su sake kama ki!"

"To sai Baba ya sake nemo musu wani buhun."

Maganar ta same shi a inda ba ya zato. Ya sa hannu a aljihu ya fito da baƙin kambas mai koren zare, ya durƙusa a gabanta zai sa mata. Ta janye ƙafar. Ta karɓi takalmin, ta zura yatsa ta ɗaga shimfiɗar, ta kalli jan rubutun. Sannan ta miƙa masa.

"Kankare."

Ya ɗago ya dube ta.

"Kankare, Baba. Ba ni da lokaci."

Ya lalubo guntun samfefar da ya rage. Ya ɗora takalmin a gwiwa ya fara gurzawa, lambar tukuna, sannan sunan, harafi bayan harafi. Hannunsa da bai taɓa kuskuren ɗinki ba yau sai zamewa yake. Da ya gama ya hure garin, ya mayar da shimfiɗar. Ya tona tulin marasa suna ya samo wani kambas na ƙafar dama, shuɗi, ya ɗan fi nata girma, ya sassauta igiyoyin duka biyun saboda kumburin.

Ta saka su a tsaye, tana dafe da kafaɗar uwarta. Ta gyara yagaggen hannun rigarta, ta hau matakalar gadar tana ɗingishi, ƙafa ɗaya baƙi ɗaya shuɗi. Ba ta ce masa sai na dawo ba.